Alhamzar da Ta Naɗa Kwamiti

Mikail ya yarda da kansa a kan kwamfuta, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. A shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, shagonsa na bakin Ƙofar Na'isa shi kaɗai ne a yankin da in ka leƙa ba za ka ga hoto ko launi a fuskar injin ba, sai baƙin allo da fararen haruffa. Ya koyo wannan tsari, wai shi Linux, a wurin wani Ba'indiye da ya yi wa aiki shekara huɗu a Legas, ya dawo gida da faifai biyu da girman kai buhu guda. Sauran masu buga takardu linzamin kwamfuta suke ja suna danne-danne. Shi kuwa umarni yake rubuta wa injin, layi bayan layi, ya adana a fayil, ya sake shi, injin ya yi ta aiki shi yana shan shayi. In aka tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa, sai ya ce shi ba ya lallashin na'ura, magana yake mata ta ji.

Sati guda bayan an rantsar da sababbin kansiloli, aiki ya zo masa daga Alhaji Gwadabe, mai sayar da rodi da kwanon rufi a Ƙofar Ruwa, wanda ƙuri'a ta ɗauko daga bencin shago ta ɗora a kujerar kansila. Alhaji yana son ya gode wa mutum ɗari uku da suka yi masa wahala lokacin zaɓe, kowa da wasiƙarsa da sunansa a sama, don kowa ya ji kamar shi kaɗai aka tuna. Sakatarensa Sule ne ya kawo jerin sunayen a littafin makaranta, tare da abin da za a rubuta:

“Bayan gaisuwa mai yawa, ina godiya da tsayuwar da kuka yi mini. Wannan kujera ba tawa ba ce, taku ce. Daga yau ku ne idona, ku ne kunnena a unguwa. Abin da ya lalace ku tashi ku gyara da sunana, wanda ya fi ƙarfinku ku zo ku same ni. Ƙofata a buɗe take.”

Duk wanda ya girma a cikin birni ya san irin wannan magana. 'Yar'uwar “ai gidanka ne” ce da ake ce wa baƙo, kuma ba a taɓa jin wanda aka gaya wa haka ya je ya kwaso katifarsa ya tare ba. Sai dai an daɗe ba a ji irinta ba, domin soja ba sa godiya, don haka ta zo wa mutane da sabon ɗanɗano.

Aikin da zai ci wa wani kwana uku, Mikail ya ce a dawo kafin azahar ɗin Juma'a. Ya rubuta ɗan ƙaramin umarni wanda in ka ba shi suna zai ɗora shi a saman wasiƙar, bayan kalmomin “Zuwa ga”, ya tura wa firinta. Da yake yana son a ce ya sa inji ya ji Hausa, sai ya raɗa wa umarnin suna “ga”. Daga nan ya buɗe fayil ya shiga jera layuka, ga Alhaji wane, ga Malama wance, layi ɗari uku, kowane layi wasiƙa guda.

Shi Sule irin 'yan bokon nan ne da ke ganin ɗan waƙafin nan na sama, wato alhamza, ɓarnar tawada ce. Rabiu ya rubuta, da Saadatu, da Shuaibu. Mikail bai damu ba, ya kwafe yadda ya gani. Shi kansa Mika'ilu aka raɗa masa ran suna, makaranta ta cinye masa alhamza da wasali guda, bai kai ƙara ba. Amma da ya iso kan mutanen Soron Ɗinki, sunan farko na mahaifiyarsa ne, Hajiya 'Yardada, wadda ta kwashe matan lungunsu kaf ta kai su layin zaɓe. Hannunsa ya ƙi ya rubuta sunanta haka kai ba ɗankwali, sai ya sa mata alamarta a gaba. Layi arba'in a ƙasa ya ci karo da Malam Nata'ala, tsohon malaminsa na Hausa a firamare, wanda har yau in ya tuna shi sai ya ji kunnensa na dama ya ɗau zafi. Shi ma ya sa masa tasa. Mutum biyu kacal ya girmama a cikin ɗari uku, ya kuwa ji daɗin kansa.

Ranar Juma'ar Sule ya zo ya tsaya a kansa yana duba agogo, yana son a raba wasiƙun in an sauko daga masallaci. Firinta ta yi ta amayo takarda a haɗe da ƙara kamar ana yaga atamfa, Sule na naɗewa, ba wanda ya ƙirga. Injin bai yi ƙorafin komai ba, kuma a wurin Mikail shirun inji shaida ne. Sule ya rungumi takardun ya faɗa mota, a can ya yayyage su ɗai-ɗai. Ɗaya ta zo da tsawo, har shafi biyu. Ya dubi sunan farko, ya soka mata fil, ya bayar a kai.

Washegari bayan la'asar Mikail ya je gaida Hajiya kamar kullum. A soro ya tarar da Malam Nata'ala da wasu dattawa a kan tabarma, ga takalman mata sun cika bakin ƙofa. Ya zaci rasuwa aka yi. Da ya shiga ciki sai ya ji barka ake ta yi.

Shekarun Hajiya 'Yardada sittin da uku. Alkaki da dubulan take yi na biki, kuma duk amaryar da aka kai daga lungun nan cikin shekara talatin da garar hannunta aka kai ta. Amma duk tsawon rayuwarta da sunan wani ake nemanta, 'yar wane, matar marigayi wane, uwar su wane. Takardar hukuma da ta taɓa ɗauke da sunanta ita kaɗai ba ta wuce katin asibiti da fasfon aikin hajji ba. Yau tana zaune a tsakiyar mata, da tabarau a hanci, da takarda a cinya, fuskar nan sai ƙyalli take.

“Mika'ilu, zo ka gani,” in ji ta. “Ashe a shagonka aka buga, amma ka iya rufe bakinka haka?”

Ya durƙusa ya karɓa. Ga abin da ke saman takardar:

Zuwa ga Hajiya Yardada
ga Malam Shehu Mai Turare
ga Hasana Gambo
ga Alhaji Ramadan

Haka sunayen suka yi ta gangarowa har arba'in da ɗaya, na ƙarshe Malam Nataala, sannan wasiƙar ta biyo baya da “ku ne idona, ku ne kunnena”.

Malam Nata'ala ya riga ya yi wa takardar tafsiri tun da safe, kuma ba a ja da Malam a kan nahawu. Ya bayyana wa jama'a cewa “ga” ta farko ce kaɗai ta adireshi. Sauran arba'in ɗin “ga” ce ta miƙawa, irin wadda ake cewa ga amana nan. Wato kansila ya ce da Hajiya, ga wane, ga wance, na damƙa miki su. Sunan da ke sama a takardar hukuma shi ne shugaba, na ƙasa shi ne magatakarda, haka ake yi tun zamanin En'e. An ji labarin cewa mutanen wasu unguwanni sun sami tasu wasiƙar kowa shi kaɗai, to wannan ma ya ƙara tabbatar da magana, domin su godiya aka yi musu, Soron Ɗinki kuwa kwamiti aka naɗa. Abu ɗaya ya ɓata wa Malam rai, an cinye masa alhamza, kuma ya ce zai kai kuka a zaman farko.

Mikail ya mayar mata da takardar. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi matan da suka zuba masa ido suna murmushi, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya sanya alheri. Aka ce amin.

Bai tsaya cin tuwo ba, ya koma shago ya buɗe fayil ɗin, ko da yake tun a hanya ya san abin da zai gani. Abin da ke karanta umarni a wannan tsari, wanda masu sana'ar ke kira shel, yana da ɗabi'unsa. In ya ga fili tsakanin kalmomi sai ya raba su. In ya ga ƙarshen layi ya san umarni ya ƙare. In ya ga alamar dala a gaban kalma, ya san laƙabi ne, sai ya cire ta ya sa abin da aka ajiye a ƙarƙashinta. In kana son ya daina wannan shisshigi, sai ka kewaye maganarka da alamar zancen wani. Mai ƙwaya biyu tana riƙe kalmomi wuri ɗaya, amma tana barin sa ya buɗe abin da ke bayan alamar dala. Mai ƙwaya ɗaya kuwa ba ta da sassauci ko kaɗan. Daga inda ta buɗe har inda 'yar'uwarta ta rufe, shel ba ya taɓa komai, ba ya fassara komai, ƙarshen layi ma ba ƙarshe ba ne a wurinsa. Yadda aka rubuta haka yake ɗauka, dunƙule guda, sannan ya cire alamomin biyu ya yar.

To maɓallin da ke buga wannan alama mai ƙwaya ɗaya shi ne dai maɓallin da Bahaushe ke buga alhamza da shi. Alamar Hajiya ta buɗe zance, ta Malam Nata'ala ta rufe, mutum talatin da tara da ke tsakani suka shige ciki har da “ga” ɗinsu, injin ya ɗauke su duka suna ɗaya ne mai tsawo. Da mutum ɗaya ya girmama, da shel ya nemi marufin alamar ya rasa, ya tsaya ya yi ƙorafi, a gyara nan take. Da yake biyu ne, sai suka rufa wa juna asiri. Abin takaicin, Mikail ya san wannan doka kamar yunwar cikinsa, har ya sha koya wa masu zuwa koyon kwamfuta ita yana musu tsawa. Gyaran bai fi a kewaye kowane suna da alama mai ƙwaya biyu ba, ko a jingina wa alhamzar karan nan mai kwantawa baya don shel ya san harafi ce kawai. Ya gyara cikin minti ɗaya, ya zauna yana kallon gyaran da ba shi da sauran amfani.

Ya ƙudura gobe da safe zai je ya gaya mata. Da safen ya same ta ta aika an aro benci daga makarantar Islamiyya, tana lissafa wa Hasana Gambo wanda zai zauna kusa da wa don kada a haɗa masu 'yar tsama. Ya ce bari ta gama. Washegari ya same ta tana koyon sa hannu a bayan kwalin sukari, ta cika kwalin da sunanta, ta tambaye shi wanne ya fi kama da na manya. Ya nuna mata na uku.

Ranar Alhamis kwamiti ya yi zaman farko a soron gidan, maza a ciki, mata daga bakin ƙofar tsakar gida, Hajiya a kan kujera a tsakani. Mikail ya yi fatan a yi shayi a yi hira a watse, kamar yadda kwamitocin gaske suke yi. Sai dai waɗannan ba su san yadda ake yi ba. An ce musu abin da ya lalace su gyara, su kuwa suka tambayi junansu me ya lalace. Amsar ba ta da nisa, kowa ya tsallako ta kafin ya shigo. Kwatar da ta taso daga bayan masallaci ta bi lungu har bakin titi ta toshe tun shekarun da ba a tambayar gwamnati komai, kuma kowace damina sai ta ci katangar wani. Shekara da shekaru kowa na cewa ba aikinsa ba ne, kuma gaskiyarsa. Yanzu takarda ta ce aikinsu ne.

Alhaji Ramadan, wanda kakanninsa fatake ne da suka zo daga Turabulus suka zauna, ya ba da shebur goma da baro uku. Kowane gida ya ba da majiya ƙarfi biyu. Malam Shehu Mai Turare, da bai taɓa yarda hancinsa ya kusanci kwata ba, aka gan shi ya naɗe wando yana nuna inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi. Hajiya kuwa ta zama wata daban. Matar da in maza na magana sai ta sunkuyar da kai, ita ce ta aika wa wani attajiri cewa ya janye dakalin da ya gina a kan magudana kafin Asabar, da sunan kansila. Ya janye ran Juma'a. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallon ruwa na wucewa, kamar ba su taɓa ganin ruwa ya san hanya ba.

Kullum bayan la'asar Mikail na zuwa, ta zuba masa tuwo, ta zauna tana ba shi labarin wanda ya zo da wanda ya yi nawa, da abin da ta ce da abin da aka ce mata. Yana cewa madalla. Tausayinta yake ji, yana kuma jin daɗin ganinta haka, tsoro na cin sa a ƙasa. Har bayanin zaman da Malam Nata'ala ke rubutawa shi yake buga musu, kyauta, da alhamzar kowa a wurinta. Ya fara lallashin kansa cewa wataƙila abin ya wuce haka nan, tunda ba wanda aka cuta, kuma shi Alhaji Gwadabe ana ta sa masa albarka a kan aikin da bai san an yi ba.

A sati na uku aka iso bakin titi, inda kwalbatin da ruwan zai bi ya rufta. Wannan ya fi ƙarfin shebur. Malam Nata'ala ya ɗauko takardar ya karanta musu abin da ta ce a yi da abin da ya fi ƙarfinsu. Ranar Laraba da hantsi mutum arba'in da ɗaya suka yi ado suka tsaya a ƙofar gidan kansila, Hajiya a gaba. Mai gadi ya ce Alhaji ba ya nan, alhali ga motarsa ana wankewa. Malam ya gyara murya ya karanta wa mai gadi, da duk wanda ke wucewa a titi, layin nan na ƙarshe mai maganar ƙofa. Ba a jima ba Alhaji ya fito da murmushi har kunne, ya karɓi takardar ya duba, ya sake dubawa, ya gode musu, ya ce in Allah ya so za a duba maganar kwalbati. Kafin azahar motarsa na ƙofar shagon Mikail.

Mikail ya ba shi kujera, ya kunna injin, ya fara nuna masa yadda alama ta buɗe a nan ta rufe a can. Alhaji ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga hannu.

“Malam Mikail, ni ban san alhamza ba, rodi na sani. Abin da ido ya gani shi ne, ɗan Hajiya ya buga takarda, Hajiya ta fito shugaba.”

Mikail ya rantse ba da gangan ba ne, Alhaji ya ce shi ma bai ce da gangan ba ne, abin da mutane za su ce yake gaya masa. Sai Mikail ya koma roƙo. Ya ce a bar su mana, tunda ba albashi suke karɓa ba, kwata ta tafi, sunan Alhaji ne ke tashi a unguwa. Alhaji ya ce ai matsalar ke nan. 'Yan jam'iyya da suka sha rana tare da shi sun fara tambayar yadda aka yi rabon kwamiti ba su. Mutanen sauran unguwanni za su zo neman nasu. Kuma kwamitin da ke aiki da gaske, yau kwalbati ne, gobe famfo, jibi rufin makaranta, shi kuwa shekara uku ce gabansa, ba zai yi ta da mutum arba'in a ƙofar gida ba.

“Maganar siyasa ce fa, Malam,” in ji shi, da alamar shi aka zalunta. “Wa ya ce a ɗauke ta yadda aka rubuta ta?”

Mikail ya san guda biyu da suka ɗauke ta haka, ɗaya na kan teburinsa, ɗaya ta haife shi.

Alhaji ya ba shi zaɓi cikin ladabi. Ko dai gobe kowane ɗaya daga cikin arba'in da ɗayan ya sami wasiƙarsa, shi kaɗai, da ke cewa babu wani kwamiti, kuskuren na'ura ne, ko kuma Sule ya bi majalisu ya yi bayani da bakinsa, kuma kowa ya san bakin Sule. Mikail ya hango Soron Ɗinki ana cewa tsohuwa ta sa ɗanta ya ƙaga mata muƙami, ta yi sati uku tana juya dattawa da takardar bogi. Irin wannan abin kunya Hajiya ba za ta farfaɗo daga gare shi ba. Ya ce zai buga. Abu ɗaya ya nema, a ce kuskuren mai bugawa ne, domin na'urar ba ta yi kuskure ba. Alhaji ya ce a'a, a bar shi a na'ura, ita ba ta da dangi kuma ba a zuwa gidanta.

Bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar na wannan yammacin ba. Ya kewaye kowane suna da alama mai ƙwaya biyu. Ya mayar wa Rabi'u da Sa'adatu da Shu'aibu abin da Sule ya ƙwace musu. Ya sa injin ya fara nuna masa sakamakon a allo kafin ya taɓa takarda, ya bi layi-layi da yatsa. Da firinta ta gama ya ƙirga sau biyu, arba'in da ɗaya cif, kowa shi kaɗai a shafinsa. Da Sule ya zo karɓa, Mikail ya ce masa ya bar su, shi zai kai.

Ranar Alhamis da hantsi ya shiga gidan. Hajiya na bakin murhu tana suyar alkakin da za a ci a zaman yamma, inda za ta ba da rahoton zuwa gidan kansila. Ta yi mamakin ganinsa a wannan lokaci. Ya gaishe ta, ya durƙusa, ya zaro ta saman ya miƙa mata da hannu biyu. Ta goge hannu a zane, ta sa tabarau, ta shiga karantawa a hankali da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, yadda aka koya musu a ajin yaƙi da jahilci. Wasiƙar layi huɗu ce, amma ta daɗe a kanta.

“Na'ura ce ta yi kuskure?” ta tambaya, ba ta ɗago ba.

“A'a, Hajiya. Abin da na rubuta mata ta yi. Ni ne.”

Ya fara yi mata bayanin alamar da ya sa a sunanta don girmamawa, da yadda ta haɗu da ta Malam. Ba ta katse shi ba, amma ya ga ba wannan take son ji ba, sai maganar ta mutu a bakinsa.

“Yaushe ka gane?”

Yana iya cewa jiya. Ba wanda zai ƙaryata shi, injin ma ba ya magana sai an tambaye shi.

“Tun ranar da kika nuna mini.”

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Mai na ta tafasa a kasko, ba wanda ya kula shi.

“Sati uku ke nan,” in ji ta. “Kullum kana zuwa kana cin tuwona, ina zuba maka labari, kana cewa madalla. Jiya na tsaya a ƙofar mutum da dattawa arba'in a bayana, kai kana shago ka san ba wanda ya kira ni.”

Ya ce tsoron ɓata mata rai ya ji, ya ga tana farin ciki, ya kasa.

“Da ranar ka faɗa, Mika'ilu, dariya za a yi. Ni ma da na yi.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ce ta yafe masa, ya ce sauran wasiƙun shi zai bi gida-gida ya kai, ya gaya wa kowa da bakinsa cewa laifinsa ne, ita ba ta san komai ba.

“Kawo su nan,” in ji ta. “Ni na tara mutanen nan, ni zan sallame su.”

Ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta karɓi takardun arba'in ta jera su a hannu, ta duba sunan da ke sama. Ya miƙe zai bi ta, ta ce ya zauna ya sauke mata kaskon kada ya ƙone. Yana tsugune a bakin murhu da tsumma a hannu ya ji ta fita soro, ya ji takunta a lungu, sannan ya ji ta yi sallama a gidan Malam Shehu, aka amsa mata daga ciki da “Maraba da shugaba.”